Leda, gawayi da ambaliyar Legas: laifin wa, kuma wa zai fara bari?

Maman Ummi (Agege):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce da ni, ba rigima na zo nema ba. Tun watan Janairun 2024 gwamnatin Legas ta hana farar robar tekawe da muke zuba wa mutane shinkafa, muka ce to. Daga 1 ga Yulin 2025 kuma aka haɗa da cokalin roba, kofin roba, tsinken shan lemo da leda mara kauri. Ni abinci nake sayarwa. Robar da aka ce mu koma mata ta fi waccan tsada nesa ba kusa ba, in na ɗora wa mai saye sai ya ce na cika son kuɗi, ya wuce wurin wadda har yanzu take da tsohuwar a ɓoye ƙarƙashin tebur. Amma ledar fiya wata da gorar lemo ba a taɓa su ba, alhali duk wanda ya leƙa kwatar layinmu ya san su ne a ciki. To gyaran gari ake yi, ko dai an zaɓi marar gata ne?

Sadik (Idi-Araba):
Wa alaikumus salam Mama. Tsadar gaskiya ce, ba wanda zai musa miki. Amma farar robar nan ta cancanci abin da aka yi mata. Ba ta ruɓewa, ba ta nutsewa, in ta kakkarye sai ta zama ɓarɓashi ta toshe bakin kwalbati. Ku tuna ruwan 3 ga Yulin 2024, yadda Iyana Oworo ta cika har motoci suka kasa hawa gadar Third Mainland. Hukumar kwasar shara ta Legas, LAWMA, da kanta tana cewa garin nan yana fitar da shara wajen tan 13,000 a kullum. Dole a fara daga wani wuri.

Maman Ummi (Agege):
Sadik ɗana, wannan ruwan da kake faɗa ai bayan an hana robar aka yi shi. Wata nawa tsakani?

Sadik (Idi-Araba):
Kin kama ni Mama. Amma ai wadda ta shekara goma a cikin kanal ba sanarwa ce za ta fito da ita ba.

Isiya Jari Bola (Ojota):
Bari in sa baki, don wannan fagena ne. Hajiya, kin san dalilin da ya sa gorar ruwa ba ta kwana a titi a unguwar da muke shiga? Saboda tana da farashi. Mu idan muka zazzage buhu, kowane abu da gefensa: gwangwanin lemo daban, ƙarfe daban, jan ƙarfe na waya daban, kwali daban, robar bokiti da kujera daban. Gora kuwa sai an cire murfi, a tattake ta da ƙafa ta lanƙwashe don buhu ya ɗauki da yawa, a ware fara tas daga mai launi, don mai sikeli ba kuɗi ɗaya yake ba su ba. Duk wannan wahalar muna yin ta ne don akwai wanda zai auna ya biya.

Ita farar tekawe fa? Ka cika babban buhu da ita, yaro ɗan shekara biyar zai ɗaga da hannu ɗaya. Ba nauyi, ga manja da miya sun ɓata ta, ba mai saye. Ni da nake cin abinci a bola, in na gan ta tsallake ta nake yi. Shi ya sa take tafiya kanal.

Gorar da kika gani a kwatarku kuma, ki bincika, ko dai an hana irinmu shiga layin, ko ta riga ta nutse cikin baƙin ruwa ta yadda wankinta ya fi kuɗinta. An taɓa ƙwace mini kura da kayan kwana uku a ciki, aka ce mu ne ke ɓata gari. Na je karɓa aka yanka mini kuɗin da ya fi kurar, na bar musu.

Anti Rabi (Obalende):
Malam Isiya, Allah ya mayar da alheri. Amma mu faɗi gaskiya, cikin masu kura akwai waɗanda za su karɓi kuɗin kwasar shara a gida, su zagaya bayan layi su juye ta a kanal da dare. Da idona na gani. Kuma akwai masu cire murfin kwalbati na ƙarfe da wayar wuta. Su suka ja muku.

Isiya Jari Bola (Ojota):
Akwai su Anti, ba na rantse wa kowa. Amma me ya sa mutanen gidan suke kiran mai kura tun farko? Don motar shara sai ta yi makonni ba ta leƙo ba, ga takardar biyan kuɗi tana zuwa a kan kari. A ba mu riga da lamba, a nuna mana inda za mu kai, wanda ya juye a kanal a kama shi da lambarsa. Kora kawai ba ta rage sharar ko cokali ɗaya.

Alhaji Ɗanlami (Mile 12):
Salamu alaikum. Na karanta duka. Yara, kuna haɗa abu biyu wuri ɗaya. Ƙazanta daban, canjin yanayi daban, ko da yake a ƙarshe duk a ɗakin talaka suke haɗuwa.

Na zo Ikko tun ana kai mutum Bar Beach shan iska ranar Sallah. Ambaliyar da ke cin Agiliti da Owode da Isheri da kasuwar Kara ba ledar Maman Ummi ce ke kawo ta ba. Kogin Ogun ne. Idan damina ta yi nisa, wajen Satumba da Oktoba, dam ɗin Oyan da ke kusa da Abeokuta ya cika, dole a saki ruwa, shi kuma nan yake gangarowa. A Oktoban 2023 a kwalekwale mutane suke fita daga gidajensu a wajen Isheri. Ko da ka lashe kwatarka da harshe, wannan ruwan sai ya shigo.

Abin da ni na gani ya canja a sana'ata shi ne lokaci. Da mun san watan da tumatirin rani na Kadawa da Ɗanja zai sauka, mun san watan da zai yanke na Yarabawa ya karɓa. Yanzu sanyin hunturu ba ya daɗewa, zafi yana saurin shigowa, tumatir kuwa ba ya son zafi lokacin fure. Ga tsutsar nan sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016 har jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ita zafi ne abincinta. A tsakiyar 2024 kun ga yadda matan garin nan suka koma miyar karas da kokwamba don tsada. Mu ake zagi a kasuwa, ana cewa Hausawa sun ɓoye kaya. Tumatir ake ɓoyewa? Kwana nawa yake yi?

Bala Direba:
Alhaji ka faɗi gaskiya. A 2022 da ruwa ya rufe hanyar Lokoja wajen Koton Karfe, motoci sun yi layin da ba ka ganin ƙarshensa. Masu shanu suna yankawa a bakin titi kada su yi mushe, masu kayan gwari suna kallon dukiyarsu tana tsiyaya ta ƙasan bodi. Sama da mutum 600 aka rasa a ambaliyar shekarar a faɗin ƙasa. Ga Maiduguri a Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle. Ga Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, garin da muke yada zango mu ci abinci, cikin dare ɗaya aka rasa mutum fiye da 150. Allah ya jiƙansu. Gaba ruwa, baya ruwa.

Anti Rabi (Obalende):
Amin ya Allah.

Garba Mai Shayi (Ijora):
Amin. To ai kun gani, duk wannan daga Allah ne. Ruwa na Allah, zafi na Allah. Mutum ya isa ya canja yanayi? Turawa ne kawai suke kawo zancen don su hana mu amfani da man da Allah ya ba mu.

Malam Habu (Alaba Rago):
Malam Garba, a yi hattara da wannan magana. Babu mai shakka komai da ƙaddarar Allah yake faruwa. Amma Allah da kansa ya ce a Suratur Rum, aya ta 41, ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Bai ce hannayen Turawa kaɗai ba, bai kuma cire su ba. Wanda ya toshe hanyar ruwa da shara, ruwa ya shiga ɗakin maƙwabcinsa, ba zai tsaya gaban Allah ya ce ƙaddara ce ba. Haƙƙi ne, sai an biya. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, wannan ko ɗan Islamiyya ya sani. Mu kuma mun mayar da hanyar wurin zubarwa.

Garba Mai Shayi (Ijora):
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan kwata. Amma zancen Turawa ina nan a kai.

Sadik (Idi-Araba):
Yaya Garba, rabin maganarka tana da tushe. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya ba. Amurka da Turai da Sin su suka cika sararin samaniya da shi, mu muke shan zafin. Inda na rabu da kai shi ne cewa ƙarya ce. Azumin 2024 ka manta? A garin Kayes na Mali an auna zafi sama da digiri 48 a watan Afrilun shekarar. Buhari ya je taron sauyin yanayi na duniya a Glasgo a 2021 ya yi alkawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙinta zuwa 2060, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Har yau ana ƙona iskar gas a banza a Neja Delta, mu kuma muna layin sayen kilo ɗaya.

Maman Ummi (Agege):
Yauwa, ka zo inda nake jira. Shekarun baya aka bi mu ana wa'azi mu bar itace da gawayi mu koma gas, hayaƙi yana lalata ido da ƙirji. Na yarda, don na san yadda nake kwana da tari. Na sayi silinda biyu da kuɗin adashe. Da kilo ya haura naira dubu, lissafi ya ƙi fita. Wake kaɗai zai shanye miki gas. Yanzu silindar tana nan a lungu na ɗora mata tire, na koma kurfoti. Ba don ina son hayaƙi ba.

Bala Direba:
Kuma Hajiya kin san daga ina gawayin yake zuwa? Ku bi hanyar Saki da Iseyin, ko ta Kwara zuwa Neja, ku ga buhuna jere a bakin titi sun fi mutum tsawo, an toshe bakinsu da ganye. Ba busasshen itace ake tsinta ba. Ɗanye ake sarewa, a jera gungume, a rufe da ƙasa, a sa wuta ta yi kwanaki tana ci a hankali. Ƙirya suka fi so don gawayinta yana daɗewa, in babu sai su faɗa wa kaɗanya. Kaɗanyar da sai ta yi shekara goma sha kafin ta fara 'ya'ya, mata suna samun man kaɗe a jikinta duk shekara, a rana ɗaya ake kayar da ita. Wani gawayin ma ba a nan ake ƙona shi ba, kwantena ake cikawa a fitar waje ta Apapa. Na ɗauko shi ba sau ɗaya ba, in na dawo wofi daga sauke kaya. Ina sane, amma mota ba ta tafiya da ruwa.

Garba Mai Shayi (Ijora):
Ni dai ban bar gas ba, don Indomie ba ta jiran a hura gawayi. Kuɗin na ɗora wa masu ci, suna ƙorafi suna ci.

Sadik (Idi-Araba):
Abin da Isiya ya faɗa tun farko shi ne dai, maganar kuɗi ce. Ku duba sola. Shekara nawa ana cewa janareto yana gurɓata iska, wa ya saurara? Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500, daga baya ta taɓa dubu, sai ga faranti a kan rufin masu cajin waya da masu aski. Jirgin ƙasan Marina zuwa Mile 2 da ya fara aiki a Satumban 2023 da lantarki yake tafiya, amma ba wanda ya shige shi don tausayin duniya, gudun cunkoso ne. Mutanenmu ba su ƙi gyara ba. A sa gyaran ya fi ɓarnar araha kawai a gani.

Anti Rabi (Obalende):
Sadik, ban yarda duka ba. Nawa ake biya mutum ya riƙe ledar fiya wata a hannunsa har ya sauka daga danfo? Kyauta ne. Amma sai ka ga babban mutum da hula da carbi ya tsotse ya wurga ta taga. Ana fara ruwan sama kuma ka ga mata suna rige-rigen fito da kwandon shara su juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Gidan na ƙasa da ke. Wannan ba talauci ba ne, hali ne. Da aka soke sharar Asabar ɗin ƙarshen wata a 2016, layuka nawa ne suka ci gaba da fitowa da kansu ba da tsoron kamu ba?

Kuma kada mu riƙa fakewa da cewa mu baƙi ne. Wani ya shekara talatin a Legas, a nan ya aurar da 'ya'yansa, amma in ka ce a haɗa kuɗin yashe kwata sai ya ce ai shi gida zai koma.

Alhaji Ɗanlami (Mile 12):
Rabi ta taɓa inda yake ciwo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Oktoban 2023 gwamnati ta rufe kasuwarmu saboda ƙazanta. Mun yi ta kururuwa, amma cikin kwanaki kaɗan aka kwashe abin da aka shekara ana tsallakewa. Ashe ana iyawa. Sharar Alhamis da safe ma, da yawa rufe shago kawai suke yi su zauna hira har ƙarfe goma ta buga.

Sai dai zan ƙara wa Sadik hujja ɗaya. Kwandon gargajiya da muke loda tumatir, in aka ɗora wani kan wani daga Kano zuwa nan, na ƙasa ya zama miya kafin a iso. Ga tsinken kwandon yana huda shi. Kires, wato akwatin roba da aka kawo, ɗaya yana zama a kan ɗaya ba ya danne kayan, iska tana shiga, a wanke a mayar Arewa a sake lodi. Da farko mun ƙi, muka ce ba mu gada ba. Da aka ga mai kires yana sauke kayansa lafiya yana sayarwa da daraja, ba wanda aka yi wa wa'azi. Ga roba ce, amma ta rage abin da muke zubarwa. Matsalarta biyu, kuɗin mayar da ita wofi da kuma masu ɗauke ta ba su dawo da ita ba.

Garba Mai Shayi (Ijora):
Duk kun bar manya kuna ta dukan junanku. Wa ya cike fadamar Lekki da yashi ya yi gidaje? Mai shayi? Wa ya cike teku a gaban Bar Beach ya gina sabon birnin Eko Atlantic da katangar duwatsu? Mutanen Okun Alfa suna nan suna kuka teku ta cinye musu gidaje da hanya, suna cewa ruwan da aka tare can ne ya juyo kansu. Ruwa dai sai ya sami wurin kwana.

Sadik (Idi-Araba):
A nan kam muna tare. Kuma akwai abin da gwamnatin ma take faɗa duk damina: idan teku ta cika ta turo ruwa cikin lagun, wato babban tafkin Legas, kanal ba ya iya zubar da nasa har sai ta janye. Garin a ƙasa yake, tekun kuma tana ƙara hawa. Fadamar da aka cike ita ce da take shanye rarar. An rushe gidaje a Mende ta Maryland a 2024 don sun hau hanyar ruwa, to amma wa ya bari aka gina su tun farko?

Shugaban Zaure:
Jama'a a ci gaba, amma ban da kiran sunan kowa da zagi. Na goge saƙo biyu.

Malam Habu (Alaba Rago):
Manya suna da nasu hisabin. Ni abin da ke gabana nake so mu taɓa. Ku tsaya a ƙofar kowane masallacinmu bayan an sallame Juma'a ku kalli ƙasa. Ledar fiya wata ce shimfiɗe, wadda aka yi alwala da ita aka yar a wurin. Mun yi tsarki mun bar ƙazanta a ƙofar ɗakin Allah, maƙwabtanmu da ba Musulmi ba suna kallo. In an yi walima ko an raba abincin sadaka da azumi, abin ya fi haka. Zan yi wa liman magana a saka a huɗuba, amma huɗuba ba tare da wurin zubawa ba iska ce. Malam Isiya, ita wannan ledar ana saye?

Isiya Jari Bola (Ojota):
Ana saye Malam, ana narka ta a yi wasu kayan roba. Amma kada in yaudare ku, ba ta da nauyi, sai an tara da yawa kafin ta zama kuɗin kirki. Kuma da sharaɗi. A busar da ita, kada a haɗa da yashi, kada a jefa ɓawon lemo ko ragowar tuwo a ciki. In ta jiƙe ta yi wari mai saye zai rage farashi ko ya ƙi ɗauka. Buhu biyu za ku ajiye, ɗaya na leda ɗaya na gora, a rataye su sama da ƙasa saboda awaki. Gorar ce za ta riƙa biyan wahalar ledar.

Anti Rabi (Obalende):
A sa na uku a ɓangaren mata. Kullum sai a manta da mu sai an zo karɓar gudummawa.

Alhaji Ɗanlami (Mile 12):
Buhu ba matsala ba ne, ina da na albasa da yawa, Bala zai iya sauke muku in zai wuce. Tambayata ita ce kuɗin wa zai riƙe? Na ga kwamitin da ya watse a kan abin da bai kai wannan ba.

Malam Habu (Alaba Rago):
A bar wa ladan da yaran da ke share masallaci, su ne za su yi aikin.

Garba Mai Shayi (Ijora):
In ladan ya riƙe, yaran ba za su gani ba. A auna a gaban kowa.

Isiya Jari Bola (Ojota):
Daga Ojota zuwa Alaba Rago kuɗin mota zai cinye ribar, ba zan iya zuwa da kaina ba. Akwai yaron garinmu da ke harkar a Okoko, zan tura masa lambar Malam ta gefe. Da sikelinsa zai zo. Amma ku gaya wa masu gadin layin tun yanzu, kada ya iso da kura su ce ɓarawo ne.